Gaisuwar da Iya ta kai wa Malama

Jiya 'yata ta nuna min bidiyon kumbon Amurkan nan da ya tarwatse ɗauke da mutum bakwai, ciki har da wata malamar makaranta. Sai kakata Iya ta faɗo min a rai.

Ina yarinya muka ji labarin a rediyo, a gidanmu na unguwar Madabo. Iya ta yafa mayafi, na bi ta zuwa gidan maƙwabciyarmu, malamar firamare.

"Malama, ya haƙuri?"

"Iya, ai ban san ta ba!"

"Na sani. Amma aikinku ɗaya, kuma ƙafata ba za ta kai ni Amurka ba. Ke zan yi wa gaisuwar, karɓi abarki."

Malama ta sunkuyar da kai. "Da godiya, Iya."

Yau duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Wa ya taso a hannun irin tsofaffin nan?