Na'urar da Ta Jira Babban Baƙo

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya, ungozoma a wani asibiti a yankinmu na Kazaure. Duk shekara nakan ce alherinta kawai zan rubuta, sai takaici ya riga ni.

Shekara biyu kafin rasuwarta aka kawo ni asibitinsu daga Gwiwa da doguwar naƙuda. Ƙarfina ya ƙare, kan yaro ya sauko ya tsaya. Sai dai a manna masa ɗan kofin nan na zuƙo jariri a ka, a janyo shi. Amma dole a san inda kan ya fuskanta, don in kofin ya zauna a karkace ɓarna yake yi. Kan ya kumbura, yatsun Yaya sun kasa tantancewa. Na'urar hoton ciki da za ta nuna mata nan take kuwa tana ɗaki na gaba, cikin kwalinta, a kulle.

Ina jin ta tana roƙon mai makulli: "Ranka ya daɗe, a ara mana ita, ƙanwata ce a kwance."

Ya ce, "Hajiya, ba a ƙaddamar da ita ba fa. Babban baƙo ya zo ya tarar an buɗe?"

Ta dawo ta yi bisimilla, ta ɗora kofin bisa ƙiyasi. Sau biyu yana suɓucewa. Yaron ya fito, jini ya taru a ƙarƙashin fatar kansa, washegari ya koma. Rai na Allah ne, na sani. Amma makullin a aljihun mutum yake. Bayan sati uku aka kafa rumfa, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Har ta rasu Yaya ba ta ƙara haɗa ido da ni sosai ba, alhali ban taɓa ganin laifinta ba.

Kwanaki na raka maƙwabciyata awo asibitin nan. Na'urar na aiki, layi har waje, tambayar kowa ɗaya: namiji ne ko mace? Ɗakin haihuwa kuwa ba a ba shi ko ɗaya ba. Na ce a raina, da Yaya ta ga wannan, da tsaki ya ishe ta.

Sai ga Jummai, ungozomar da Yaya ta horar, ta ratsa layin ta cire wayar na'urar daga bango.

"Akwai mai naƙuda," in ji ta, ta tura na'urar ta wuce, ba ta nemi izinin kowa ba.

Abin da Yaya ta bari ke nan. Da ɗana ya rayu, da yanzu shekararsa goma sha ɗaya.