Ranar da Ƙanwata Ta Tafi Duniyar Wata

Har gobe in muka haɗu wajen suna ko ɗaurin aure, sai an sami wani cikin dangi ya tsokane ni, wai ni ne na ɓatar da ƙanwata da bakina. Ni kuwa ban taɓa yarda ba, kuma ba ranar da zan yarda. Karatu na yi mata, karatu kuwa ba laifi ba ne. Amma bari in faɗi yadda aka yi, kowa ya ga abin da ya gani.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina babbar firamare a Tambuwal, ina zaune gidan kawuna, sai an yi hutu nake komawa gida Fakku. A ofishin hedimasta akwai wani kabad na littattafan Turanci da hukumar En'e ta aiko, kullum a kulle, sai gara ke karanta su. Da hutun bazara ya zo, malaminmu na Turanci ya zaro ɗaya ya ba ni aro, ya ce in je in gyara harshena. Labarin wasu yara biyu ne, wa da ƙanwa, da kakansu maƙeri ya ƙera musu jirgi suka tafi duniyar wata. Ni da ban san komai ba sai littafin lissafi da na tsabtar jiki, wallahi ban taɓa zaton ana buga irin wannan ƙarya mai daɗi a takarda ba. Tun a bayan babbar motar da ta kai mu Kebbe na fara, ina zaune kan buhun gishiri, rami na jefa ni ina bin layi da yatsa.

A gidanmu ba a ƙona mai don karatun boko. Fitilar aci-balbal ce, da an ci tuwo Inna za ta hure ta. Saboda haka da rana nake karatuna, a inuwar ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, tana gefe tana kaɗi. Nan ƙanwata ta same ni. Ita ce autar Inna, lokacin tana famfara, ga wawulo ga tambayar tsiya. Ta zauna ta ɗora haɓa a gwiwata ta ce, "Yaya, mi takarda ta ce?"

Sai na shiga juya mata shi da Hausa, inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in cike da nawa. Jirgin ne ya ba mu wahala. Yarinyar da ba ta san jirgi ba sai kwalekwalen fito, yaya za ka yi da ita? Na waiga na hango rumbun Baba a bayan gida, ƙaton rumbun ƙasa mai hular ciyawa, wanda ba mai buɗe shi sai shi, ko Inna ba ta isa ba. Na ce mata ai kamar wancan yake, zagayayye, ƙofarsa a bisa. A ɗauki guzuri a shiga a yi tsit, da an rufe murfi sai ya tashi. Ta ce to, muka ci gaba, ni har na manta na faɗa.

Kaka ce ta dakatar da mazarinta ta dube ni.

"Kai angona, tatsuniya da rana tsaka? Ba ka san wanda anka yi ma tatsuniya da rana ɓacewa shika yi ba?"

Na ce, "Kaka, wannan ba tatsuniya ba ce, littafi ne. Da inji aka buga shi."

"Abin da ac ciki, ya faru?"

"Bai faru ba."

"To minene shi in ba tatsuniya ba? Ƙulla ko bakin rigarka ne, ka ɗaure ta, kahin ka ci gaba."

Haka ake yi a garinmu, in ta kama dole a yi tatsuniya da rana sai a ƙulla bakin zane ko ciyawar jinka, wai an ɗaure sharrinta. Ni kuwa ɗan babbar firamare, mai gajeren wando da aljihu, in ƙulla riga? Na ce mata tsohuwar amarya ta ji da kaɗinta. Ta yi dariya ta ce za ta sake ni ta auri mai jin magana. Muka yi kwanaki a haka, kullum da hantsi, har muka kai inda yaran suka hango wata ya cika musu taga.

Ranar da abin ya faru, na fita da sassafe na raka abokina kai jaki ban ruwa. Da na dawo ban ga ƙanwata ba, na ce madalla, yau zan yi karatuna ba mai katse ni. Inna ta ɗauka tana maƙwabta. Sai da aka dama fura aka kira ta, aka sake kira, shiru. Inna ta rufe mata 'yar ƙwaryarta da faifai ta aika a duba gidan ƙanen Baba. Ba ta can. Ba ta gidan liman, ba ta wajen masu daka. Kafin azahar gari ya ɗauka, mai shela ya zaga da gangarsa, aka je gona aka kira Baba daga shara.

Kowa waje ya nufa, don wanda ya ɓace ai a hanya yake ɓacewa. Wasu suka bi hanyar Kebbe, ko ta bi ayarin 'yan kasuwa. Wasu suka yi fadama, inda tsofaffin rijiyoyin masu lambu suke ba murfi. Mata suka bazu gida-gida. Na tsaya a bakin babbar rijiyar gari ina kallo aka zura wani saurayi da igiya, Baba na riƙe da bakin rijiyar da hannu biyu. Da saurayin ya ɗago murya ya ce ba kowa, Baba ya saki bakin rijiyar ya miƙe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, tsoron da ke sa bakinka ya yi ɗaci.

A nan na fara jin maganar tana yawo ƙasa-ƙasa. Ai yaron bokon nan ne ya yi mata tatsuniya da rana, an hana shi ya ƙi. Wata tsohuwa har da nuna ni da baki. Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in tsaya in yi musu bayani, amma wa zai saurare ni, kuma bayanin me? Sai na kama hanyar daji da gudu ina kiran sunanta, ƙaya na suka ta ban ji ba, har muryata ta dushe. Rana kuwa irin ta bazara ce, wadda ko kaza sai ta buɗe baki.

Bayan la'asar aka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ba mai kallon idon wani. Tsakar gidanmu ta cika. Inna na zaune gindin turmi, 'yar ƙwaryar furar na gabanta a rufe. Kaka ce ta kira ni, ba angona, ba wasa.

"Zo nan. Tatsuniyar da anka fara da rana ba a kai ƙarshenta ba, ita ka riƙe mutum. Ɗauko ta tun daga farko ka sauke ta, ko Allah shi sa ta sake muna ɗiya."

Na buɗe baki zan ce ba tatsuniya ba ce. Baba ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Yi abin da anka ce maka."

Haka na tsaya a tsakiyar mutane, manya da yara, da liman da kowa, ina ba da labarin yara masu zuwa duniyar wata da muryar da ba ta fita, hawaye na zuba, haushi na cina. Ban yarda zai yi amfanin komai ba, har yanzu ma ban ce ƙa'idar Kaka gaskiya ce ba. Amma na faɗa yadda na faɗa wa yarinyar, kalma bayan kalma, don ban san wata hanyar faɗarsa ba. Na faɗi kakan maƙeri, na faɗi ƙirar jirgi. Na ce kamar rumbu yake, ƙofarsa a bisa, a ɗauki guzuri a shiga a yi tsit, da an rufe murfi sai ya tashi.

Inna ta ɗago kai.

"Mi kac ce?"

Na maimaita. Ba ta ƙara kallona ba, ta juya wajen Baba ta ce a hankali, "Malam, ɗazu da safe da kab buɗe rumbu, ka leƙa kahin ka ruhe?"

Ashe da safen Baba ya jingina tsani, ya ture hular, ya jawo dami ɗaya da ƙugiya ya kai wa mata sussuka. Ya tsaya gaisawa da wani baƙo a zaure, sannan ya koma ya mayar da hula, ya kwantar da tsani ya tafi gona. Duk mai neman da ya zaga bayan gida ya ga rumbu a rufe ba tsani, ya wuce. Kuma rumbun Baba ne, wa zai ce a buɗe?

Ban taɓa ganin Baba na gudu ba sai ranar. Kafin mu isa ya hau, ya wurgar da hular ƙasa, ya cusa kai yana kira. Ba amsa. Bakin rumbu ba ya cin kafaɗar babba, in hatsi ya yi ƙasa yaro ake zurawa, kuma a bazara hatsi ya yi ƙasa. Aka kwance igiyar guga aka ɗaura mini a ƙirji. Ƙanen Baba ne ya ƙulla ta.

Zafin da ya tarye ni a ciki kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata. Duhu, ƙaiƙayi, warin tsohon gero. Ƙafata ta taɓa dami, na durƙusa ina lalube. Abin da na fara taɓawa ɗan goran ruwa ne, ba ko ɗigo a ciki. Guzuri ke nan. Sai na taɓa ƙafa. Tana kwance a tsakanin dami biyu, jikinta zau, laɓɓanta sun bushe, na ɗaga hannunta ya faɗi.

Daga sama Baba ya ce, "Tana nan?"

Na ce, "Tana nan."

Ya ce, "Tana..." bai iya ƙarasawa ba.

Na sa kunne a ƙirjinta, bugun zuciyata ya hana ni jin komai. Sai na kai kumatuna daidai hancinta na daina numfashi. Na jira. Wata 'yar iska mai ɗumi ta taɓa ni, ta ɗauke, ta sake dawowa. Sai na riƙa jijjiga igiya ina cewa ruwa, ruwa. Aka zuro buta. Na shafa mata a fuska da wuya, na ɗiga mata a baki, ta haɗiye, ta yi tari. Tarin nan, a duk rayuwata ban ji sauti mai daɗinsa ba. Daga waje na ji gidan ya ɗauki salati, sun ji shi su ma.

Ta buɗe ido da ƙyar. Ba ni ta kalla ba, sama ta kalla, inda bakin rumbu ya yi fari fat, zagayayye, a tsakiyar duhu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Yaya, mun iso?"

Dariya da kuka suka zo mini lokaci ɗaya. Na ce, "Mun iso."

Na kwance igiyar daga ƙirjina na ɗaura mata, aka ja ta sama a hankali, ina tallafe da ƙafafunta har suka fi ƙarfin hannuna. Ni sai da aka ɗan manta da ni a ciki, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan, na zauna kan dami ina ta ajiyar zuciya. Da aka fito da ni, na tarar mutane sun yi da'ira, ana ta barka, liman na addu'a, Baba ya juya baya yana share fuska da hularsa. Inna na zaune daɓas a ƙasa gindin rumbu, yarinyar a cinyarta tana kurɓar fura, ita kuwa tana tsince mata ƙaiƙayi daga kitso ɗaya bayan ɗaya, ko da ya ƙare ba ta daina ba, har aka kira magariba.