Ɗamarar da Hajiya Rogaya Ta Bari a Tandabawi

Shekara arba'in da ɗoriya muna zaune da Hadijatu a unguwar Tandabawi ta Makka, ƙofa na kallon ƙofa, ban taɓa ganin ta ci amanar ko da allura ba. Shi ya sa nake so a san abin da aka yi mata, wanda aka yi da hannuna ban sani ba.

Tun tana budurwa take aiki a gidan wani mai saukar da alhazan Jawa, wato mutanen ƙasar Malayu da tsibiran da ke kewaye da ita. Wanki, girki, raka tsofaffi Harami. A can ta tsinci yarensu, a can kuma ta koyi sanin ɗamarar azurfa da matansu ke ɗaure zani da ita. Masu daraja a ciki, in ji ta, na wasu mutane ne da ake kira Feranakan, jikokin 'yan Sin da suka zauna a ƙasar Malayu. Mace kan zo da ita a ƙugu, in guzuri ya ƙare ta kwance ta sayar. Har masu shagunan tsoffin kaya suka san Hadijatu. Su aiko a kira ta, ta juya kan ɗamarar, ta shafa bayansa da babban yatsa, ta ce, "Wannan guduma ta taɓa shi," ko kuma, "Wannan zubi ne, mayar wa mai shi." Ba ta iya karanta tambarin maƙeri da ke jiki, amma ta san wanda shekaru suka cinye da wanda aka buga jiya.

Wata shekara wata tsohuwa, Hajiya Rogaya daga garin Malaka na ƙasar Malayu, ta yi jinyar wata biyu a hannunta. Da za ta koma gida ta kwance ɗamararta, gadon kakarta, ta ce baɗi za ta dawo ta zauna a Makka har mutuwa, a ajiye mata. In kuma ba ta dawo ba, jininta zai zo.

Ba ta dawo ba. Shekara talatin da uku ɗamarar na cikin farin ƙyalle a akwatin ƙarfe. Sau ɗaya a shekara, gab da aikin Hajji, Hadijatu ke fito da ita ta duba, ni ce 'yar kallo. Na taɓa cewa ta kawo in goge mata da toka da lemun tsami yadda muke wa mundaye. Saura kaɗan ta mare ni.

"Safara'u, baƙin nan na lungun furannin shi ne shekarunta. Ke in aka goge miki tamoji, wa zai gane ki?"

Ta nuna mini gaɓoɓi uku na can ƙarshe da ba su yi kama da sauran ba. Wani maƙeri ne ya ƙara su lokacin da kakar Rogaya ke da ciki.

A watan Safar da ya wuce aka kwantar da Hadijatu asibiti don aikin ido, ta bar mini makullin akwatin. Kwana biyu sai ga ɗanta Turki, ƙato ɗan shekara arba'in mai mota da turare, wanda na goya a bayan nan nawa, yake kirana hala, wato inna da Larabci.

"Hala Safara'u, ummi ta ce in ɗauko mata takardun asibiti a akwati."

Na ba shi makullin. Har shayi na zuba masa, tsohuwar banza.

Aikin idon bai yi wani kyau ba, ta dawo tana ganin mutane kamar inuwa. A watan Rajab jikar Rogaya, wata malamar makaranta mai suna Aini, ta zo umara, ta bi ta zuriyar mai masaukin nan har ta samo gidan. Turki da kansa ya ɗauko ta daga otal da hantsi, sai fara'a yake kamar ango. Aka kawo dabino. Hadijatu ta buɗe akwati, ta warware ƙyalle, ta ɗora ɗamarar a cinya.

Ni da nake da ido ban ga komai ba. Furannin nan ne, tsuntsun nan ne, har da baƙi-baƙin. Ita kuwa ta auna ta a tafin hannu, ta juya kan, ta shafa bayansa. Sannan ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta sake dawowa.

"Turki. Ina ukun?"

"Wane uku, ya ummi?"

"Duk gaɓoɓin nan uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Baya sumul kamar cokali. Baƙin ma shafa shi aka yi, ga shi a yatsana. Ka ɗauka da ido nake gani?"

Ya sunkuyo ya rage murya, wai kada baƙuwa ta ji. "Halas, shi ke nan, ya ummi. Ita ba ta taɓa ganin waccan ba. Ki ba ta, ta tafi da farin ciki. Wa zai sani?"

"Ni."

Ashe tuni ya ɗauki hoton ɗamarar ya sa aka aiko masa da mai kama da ita, yana jiran ranar da makulli zai bar wuyan uwarsa. Ta gaskiyar ya kai wa wani dillali a Jidda, shi kuma ya tura ta ƙasar da ba mu san sunanta ba.

Hadijatu ta juya ga Aini, ta faɗa mata komai da yarensu, a gaban ɗanta, ba ta rage ko kalma ba. Aini ta yi kuka, ta kama hannunta ta ce ta yafe. Hadijatu ta ce mata, "'Yata, na gode. Amma ba ke kika ba ni ba."

Ta miƙa wa Turki ta zubin, ta ce ya fita da kayansa. Aini ta roƙi farin ƙyallen, shi kaɗai ta koma da shi Malaka.

Har yau maƙwabta in za su yi tafiya sukan kawo wa Hadijatu sarƙa ko takardar gida ta ajiye musu. Sai ta ce, "Gidan nan ba ya riƙe amana, ku gwada gaba." Ni kuwa ba ta taɓa tambayata yadda makulli ya bar hannuna ba. Da ma ta zage ni. Kullum da safe takan aiko mini da koko kamar yadda ta saba, ni kuma in karɓa in sha.