Ta Saman Katakon Ofis

Ofishinmu a Kafanchan tsohon sito ne da aka raba biyu da katako. Gefen nan sashen gandun daji ne, inda nake buga tafireta. Gefen can kuma sashen ayyuka, masu gyaran hanya da kwalbati. Katakon bai kai rufi ba. In na hau kujera na miƙa hannu sai in taɓa bakinsa, kuma duk abin da aka faɗa a can muna ji, har atishawa.

Na fara aiki a shekarar da aka sauya wa jiharmu suna, ban daɗe da gama sakandare ba. Babana ne ya yi ta hawa da sauka daga Kagoro, ya roƙi wani dattijon majami'armu ya sa baki, kafin aka ɗauke ni. Ƙannena biyu suna makarantar kwana, kuma kowa a gida ya san daga ina kuɗinsu zai fito. Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina son ƙarar tafireta da safe, ina son kukan jirgin ƙasa in ya shigo tasha, ina son in ga takarda ta fito tas babu gogewa.

A bayan katakon akwai wata mai tafireta, kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Wata ɗaya aka ɗauke mu, jarrabawa ɗaya muka yi, sai dai ita ta riga ni aure. Ita ce ta fara gaya mini, tana dariya, cewa matakin albashinta ya fi nawa. Na tambayi Oganmu, shugaban sashen gandun daji, sai ya ce kujerata a takarda ta mataimakiyar akawu ce, tata kuwa ta mai tafireta, haka Kaduna suka tsara. Na ce to. Abin ya ɗan ci mini rai, daga baya ya zama abin tsokana tsakanina da ita.

Muna da wata hanyar aiki da babu ita a kowace doka. Da damina aiki yakan yi musu yawa, don ruwa na cinye hanyoyi. Da rani mu ne a ciki, saboda gobarar daji da masu neman izinin sare itace. Duk wadda aiki ya sha kanta sai ta ƙwanƙwasa katako, ta hau kujera, ta miƙa wa 'yar'uwarta rabi ta sama. An hana takardar wani sashe ta shiga wani sashe ba da sa hannu ba, amma ogogin biyu sukan kau da kai, tunda aikinsu ne ke fita. Ba takarda kaɗai ke bi ta nan ba, dafaffiyar gyaɗa ma ta nan take bi, da rogo, da labarin wanda ya yi barci a sujada.

Daminar bara kwalbati ya karye a hanyar Godogodo, rahotanni suka taru mata, ta miƙo mini rabi tun da safe. An dai ce mana wani babban jami'i zai zo daga Kaduna ya duba ma'aikata da matakansu, amma sai mako mai zuwa. Wajen hantsi aka tsuge da ruwa. Rufinmu na kwano ne, in ana ruwa ko tafiretarki ba kya ji. Shi ya sa ban ji tsayawar mota ba, ban ji an aiki Maman 'yan biyu ta kawo shayi ba, ban kuma san jami'in ya iso tun kafin ranarsa har ya zauna a kujerarta ba, don nan kaɗai rufin ba ya yoyo.

Da na gama sai na ƙwanƙwasa, na hau kujera, na miƙa takardun, na ɗaga murya don ta ji ni cikin ruwan.

"Karɓi, Madam mai babban mataki! Aiki ɗaya muke yi, ke ki ci cinyar kaza, ni a bar mini ƙafa. In mutumin Kaduna ya zo ki gaya masa haka na ce."

Hannun da ya karɓa yana da gashi, da agogo, da bakin farar riga mai aiki.

"Na karɓa," in ji wata murya, ta namiji, a natse. "Kuma na ji saƙon. Zagayo."

Ban san yadda na sauko ba. Na bi ta baranda ruwa na dukana. Abin da kawai nake gani shi ne fuskar Baba in na koma Kagoro da akwatina. Na tarar da baƙon zaune, dattijo ne siriri mai tabarau, shugaban sashen ayyuka na tsaye a gefensa. Aka kira Oganmu, ya shigo yana gyara maɓallin riga, ya ƙi kallona.

"Ke ce mai ƙafar kaza?" in ji baƙon.

Na gyaɗa kai.

"A wane sashe kike?"

"Gandun daji, Sa."

"To me ya haɗa daji da kwalbati?"

Nan Maman 'yan biyu ta shigo da faranti, zanenta sharkaf. Ta kalle ni, ta kalli takardun a hannunsa, ta gane komai.

"Sa, ni na ba ta. Yarinya ce, ba ta san komai ba. In kora ce a fara da ni."

"Madam, ajiye shayin nan tukuna kafin ki ƙona ni," ya ce. "Ban zo kanki ba."

Ya ɗauki wasu takardu daga teburinta ya jera su da nawa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya wajen Oganmu.

"Aikinsu ɗaya ne?"

"Ranka ya daɗe, a takarda ba ɗaya ba ne."

"Ban tambaye ka takarda ba."

Oga ya ce, "Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe suke wannan ciniki ta sama?"

Baƙon bai jira amsa ba. Ya kurɓi shayinsa, ya ce in koma wurin aikina. Da yamma ya tafi, bai ƙara cewa komai a kaina ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar kanta wuya. Oga ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ajiye aiki ya wuce. Bayan 'yan kwanaki kafinta ya zo ya rufe saman katakon har rufi, ina zaune ina jin kowace ƙusa a ƙirjina. Abinci ya daina shiga. Maman 'yan biyu takan zagayo lokacin hutu ta zauna a bakin teburina, ta ce, "Sista, ci mana. In sun kore mu sai mu buɗe shagon buga takardu a bakin kasuwa, ke ki buga, ni in yi surutu." Nakan yi dariya, in ta fita kuma in shiga kuka.

Ranar Asabar nakan hau bas in je gida, in taya Mama aiki a gonar citta a gindin dutse. Ban gaya wa kowa ba. Mama ta ce na rame, na ce zazzaɓi ne. A majami'a in ana waƙa bakina kawai ke motsi.

Sai bayan an cire amfanin gona Oga ya kira ni. Kafin in shiga na ɗauki kofina da lemata na sa a jaka, don kada in dawo ɗauka a gaban mutane.

"Zauna," ya ce. Ban zauna ba. "To tsaya. Abu biyu ne. Na farko, an gargaɗe ki, ke da ƙawarki, da ni, da Ogan can. Kada a sake."

"To, Sa."

"Na biyu, duk mai buga tafireta, a kowane sashe take, an mai da ita mataki ɗaya da sauran. Har ke."

Na dafa bango.

"Kuma kada ki ɗauka bakinki ne ya yi," ya ƙara. "An daɗe ana maganar a sama, dalilin zuwansa ke nan. Ke dai Allah ne ya rufa miki asiri. Je ki, akwai aiki."

Wataƙila gaskiyarsa ce, ni ban damu da wanda ya yi ba. Na fito na zauna a baranda. Maman 'yan biyu ta fito ta rungume ni tana guɗa, har masu gyaran mota suka leƙo. Har yau, in aka ce ana kirana a ofishin Oga, sai in fara neman kofina da lemata. Amma ina tashi da safe da murna, kuma aikina yana nan.

A Kirsimeti na gaya wa Baba, muna zaune a tsakar gida bayan an ci tuwon acca. Na faɗi komai, har maganar kazar. Ya zuba mini ido har na fara nadamar faɗa. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Ke," ya ce, yana share hawayen dariya, "na kai ki aikin gwamnati, ashe hawa kujera kike yi?"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce kowa ya rufe ido a yi godiya, ta kama hannuna ta riƙe gam har aka ce amin.