Ta'aziyyar da Muka Hana Anti Nina

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Injiniya Sabo, a nan Landan. Kowace shekara nakan tuna da shi da sanyin zuciya. Bana kam raina a ɓace yake, kuma da mu danginsa nake.

Yaya Sabo yana cikin samarin da gwamnati ta tura Tarayyar Sobiyet karatu. Ya dawo da takardar injiniyan ƙarafa, da hular gashi da ko a Jos ba ta sawuwa, da kuma mata 'yar Rasha, Nina. Masana'antar da aka horar da shi dominta ba ta taɓa narka ko cokali ba, ƙarshe ya kwaso iyalinsa zuwa unguwar Tottenham a nan Landan ya zama direban bas. Ba a kallon fim da shi a zauna lafiya. Da zarar mugun cikin fim ɗin ya buɗe baki aka ji ɗan Rasha ne, sai Yaya ya miƙe ya kama lacca: shi ya zauna da mutanen nan, tsohuwar da ke gadin ƙofar masaukinsu ce ta saƙa masa safa da hannunta lokacin da sanyi ya kusa cinye masa yatsu. Sai mun gaji mu kashe talabijin. Amma idan wani ya fara yabon masu mulkin can, shi ne dai zai ce masa ya je ya bi layin burodi cikin ƙanƙara tukuna.

Me zai ce da ya ga yau? Tun da yaƙin nan na Rasha ya ɓarke mazan gidanmu suka zama janar-janar. Wanda iyakar saninsa da Rasha bidiyon waya ne, shi ne zai tsaya bakin masallacin Regent's Park bayan Juma'a yana lissafa makamai, yana cewa shugabansu namijin duniya ne. Dokin mai baki ya fi gudu. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuma sun tsallaka ɗaya gefen, har 'yar Yaya ta cikinsa ta roƙi uwarta ta daina amsa waya da Rashanci a cikin bas.

Watan jiya muka taru a gidan Anti Nina don sadakar shekara, kamar kullum. Ita ta tuƙa tuwon, miyar kukarta kuwa ta fi tawa, tuni na sallama. Na ga idonta a kumbure, na ɗauka tunanin mijinta ne. Ana shafa addu'a sai ɗan baffanmu, Alhaji Garba, ya dunƙule hannu ya yi mata jinjina, ya ce mutanenta sun hana Turawa barci, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Wasu suka ce amin. Ta ajiye ludayi ta shige kicin.

Na bi ta. A nan ta gaya mini an kashe ɗan ƙanwarta, Kolya, wanda aka ɗauka soja ba da son ransa ba. Kwana goma ke nan, kuma ba ta samu zuwa jana'izar ba. Na tambaye ta don me ba ta faɗa mana ba.

"Ladi, ku ne kuke tambayar kowa ya mutanen gida," ta ce da Hausarta ta Zariya. "Tun da yayanki ya rasu, wa ya tambaye ni nawa?"

Ni ma ina cikin masu laifin. Mu da muke gaisuwar minti biyar, mu tambayi gajiya, mu tambayi sanyi, ba mu taɓa tuna matar nan tana da gida bayan namu ba. Yaya ne kaɗai yake tambaya. Ta ce baɗi mu nemi wani wurin taron, ita ta gaji.

Abin da ya rage mana na Yaya Sabo a duniyar nan shi ne matar da ta bar ƙasarta ta biyo shi, ta zauna mana kowane zaman makoki shekara arba'in. Idan muka rasa ta, mun sake binne shi. Saboda haka washegari na shimfiɗa tabarma a falonta, na bi dangi gida-gida ta waya cewa an yi wa Anti Nina rasuwa, a zo gaisuwa. Alhaji Garba ya aiko cewa zai tambayi malami ko ana yi wa wanda ba musulmi ba ta'aziyya. Lokacin jinjina bai nemi fatawa ba.

Mata huɗu suka zo. Anti Nina ta dafa mana shayi, ta ɗauko hotuna, ta yi ta ba mu labarin yaron da uwarsa har la'asar. Ranar na fara jin sunan ƙanwarta.