Randar Gadalin Inna Tasalla

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Zulƙida na shekara ta 1343, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Tasalla, matar marigayi Malam Atiku, a gidanta da ke nan Illela, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Ina bakin kasuwa labarin ya same ni. Ni Mukhtari, da aka sani da baki da saurin fushi, na riƙe hawayena na nufi gidanta.

Inna, ba ke kika haife ni ba. Kowa a unguwar nan ya sani, kuma ba wanda ya taɓa faɗa da ƙarfi. Yau da aka daina farautar mutane a bakin iyaka zan faɗa, don a san abin da kika yi.

Wanda bai san ki ba ma ya san ƙofar gidanki saboda gadali, albasar nan ta kwaɗi mai farin fure da jan zane a tsakiya. Al'adar mutanenmu ce, a nan da ƙetaren iyaka, idan ɗa ya kafa gida uwarsa ta cire masa 'yar albasa guda daga nata ya dasa a ƙofa. Kowace damina uwar albasa takan yi 'ya'ya, saboda haka mai ido yana duban cunkoson gadali ya san daɗewar gida. Mutane kuma suna cewa arzikin gida a cikinsa yake, shi ya sa ake ba da ɗaya, ba a ba da duka. Naki a cikin tsohuwar randa yake, wadda kika huda wa gindi kika binne ta har wuya. Yashi kike zuba masa da tsohon takin akuya, ki bar wuyan albasar a waje. Idan tsutsa ta hau ganyen, da hannu kike tsince ta ki barbaɗa toka. Idan damina ta wuce ganyen ya fara yin rawaya, ba ki yarda a yanke shi sai ya bushe da kansa, kuma duk rani ba ki ba shi ruwa ko ɗigo. Na taɓa zuba masa ruwan alwala don tausayi, kika bi ni da faɗa har bakin masallaci, kina cewa barci yake yi, in na tashe shi ruɓewa zai yi.

Na zo garin nan ne a shekarar da Faransawa ke kwasar samari zuwa yaƙinsu. An kira sunana a ƙauyenmu na wajen Ƙonni, na ɗauko matata Jamilatu da cikinta muka tsallako. Ba mu san kowa ba. Ke kika gan mu a gindin bango, kika tambayi Jamilatu watan cikinta, ba ki tambaye ni komai ba. Kika sa Malam Atiku ya ba mu kangon ƙanensa da ke bayan gidanku.

Bazara na tsaka sai ga labari: an yi magana tsakanin Nasaran can da na nan, duk wanda ya tsallako a bana za a mayar da shi. Wani ɗan sandan Faransa, Bahaushe ɗan ƙasar nan, zai zo washegari tare da Idi, dogarin hakimi, su bi gida gida. An ce ba ya sauraron shaidar baki, don duk garin da ya je kowa cewa yake ɗanmu ne. Ƙofa yake dubawa. Ƙofata kuwa ba ko tsiro. Na san abin da ake yi wa wanda ya gudu aka kamo shi, na kuma san Jamilatu ba za ta iya tafiya ko zuwa garin Araba da ke nan kusa ba.

Da azahar, rana ta take, kowa ya shige inuwa, kika shigo kangon da fartanya a hannu, ɗanki Maliki na biye da fatar saniya. Kika ce in haƙa rami a ƙofata. Sai da muka zagayo ƙofarki, na ga an tone kewayen randar, sannan na gane. Na tsaya. Kika ce, "Mi kake kallo? Kama gefen nan." Na ce, "Inna, duka?" Kika ce, "In na cire ɗaya, ɗan jiya za ka zama. Kama."

Ni mai karatu ne, ban yarda wani tsiro na riƙe da arzikin kowa ba, Allah ne mai bayarwa. Ban san abin da ke ranki ba lokacin da randar ta rabu da ƙasa. Muka ɗora ta a kan fata muka ja. Kika hana mu girgiza ta don kada saiwar ta saki ƙasarta. Muka binne, kika daɓe kewayen da kanki, kika watsa toka da kashin awaki, kika ɗaure akuya a gefe. Ramin ƙofarki kuwa kika cike shi, kika kifa turmi a kai.

Da hantsi suka iso. Ina zaune a kan buzu da allo a hannu, amma ko harafi ɗaya ban gani ba. Can baya an riga an ɗaure mutum uku da igiya ɗaya, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙauyenmu ne, ya sunkuyar da kai don kada idonmu ya haɗu. Ɗan sandan ya dubi gadalin, ya durƙusa, ya kama wuyan uwar albasar ya ja. Ba ta motsa ba. Na fara jin numfashina ya dawo. Sai ya miƙe ya kafa sandarsa a wajen randar. Sandar ta nutse.

Ya dube ni, ya dubi Idi. Ya ce, "Wagga ƙasa jiya anka tona ta."

Ya zagaya a hankali zuwa ƙofarki, muna biye, ya ture turmin da ƙafa. Ramin ya nuna kansa. Na ji Jamilatu ta fara kuka a bayan zana. Wallahi na riga na ga igiyar nan a wuyana, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na jawo miki.

Kika fito da zanenki a ka. Ya ce, "Tsohuwa, ina gadalin gidan ga?" Kika ce, "Yana ƙofar ɗana." Ya ce, "Duka kinka ba shi? Ko ɗaya ba ki rage ba?" Kika ce, "Duba ramin."

Ya duba. Ya sa sandar ya tona, yana neman ko 'yar albasa guda da kika ɓoye wa kanki. Babu. Ya daɗe a tsaye yana kallon ki, shi ma ɗan al'adar nan ne, a ƙofar uwarsa akwai irin wannan randa. Daga ƙarshe ya juya wajen Idi ya ce, "Ba macen da za ta kwashe arzikin gidanta ta ba baƙo. Ɗanta ne. Mu tafi." Idi, wanda ya san gaskiya sarai, ya ce to.

Dabararmu ta tonu, Inna, abin da kika rasa ne ya cece ni.

A daminar nan Malam Atiku ya rasu. Da kaka gobara ta ci rumbunku. Na ji abin da mata ke faɗa a bakin rijiya, cewa kin ba da arzikinki da hannunki, kuma har yau in na tuna masu faɗar raina ɓaci yake yi, don cikinsu akwai waɗanda suka ci tuwonki. Ajali da gobara na Allah ne. Duk da haka na kasa barci da maganar, na je na ce zan mayar miki da randar. Kika ce, "Gaban mutane na ce kai ɗana ne. So kake in zama maƙaryaciya?" Na ce to ko albasa guda. Kika ce ɗa ba ya dasa wa uwa, uwa ke dasa wa ɗa. Haka ƙofarki ta zauna fayau har kika bar duniya. Amma kowace damina, in furen ya buɗe, sai kin zagayo da yamma ki zauna kusa da shi, ki duba ganyen, ki yi mini faɗa a kan tsutsa.

Bana ruwan fari ya sauka kina kwance. Kin tambaye ni ko ya tsiro, na ce ya tsiro har ya fid da kara. Kika ce kada in bar akuya kusa. Ba ki ga buɗewarsa ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na tsaya cikin jama'a ina jiran in yi wa iyalinki gaisuwa. Maliki ya taso daga kan tabarma, ya kama hannuna, ya zaunar da ni a gefensa cikin masu karɓa. Nan ne hawayen da na riƙe tun kasuwa suka zubo, ban kuma ji kunya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Tasalla. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata shi yadda ta yalwata wa wanda ba shi da wurin kwana. Ka tsare ta ranar tsoro kamar yadda ta tsaya mini ranar da nake tsoro, Ka haɗa ta da Malam Atiku a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maliki da ƙanwarsa Hasana, da jikoki, da dukan mutanen unguwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashin uwarmu, amin.