Gidan da na saya da mai takaba a ciki

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Ni tela ce a Illela, kuma a lokacin da wannan abu ya faru ina da kekunan ɗinki uku da 'ya'ya huɗu da miji ɗaya mai sanyin hali, ma'aikacin gwamnati, wanda ko akuya ta ci masa takarda sai ya ba ta haƙuri. Ni kuwa ba haka Allah ya yi ni ba, ba na barin magana ta kwana. Shekara da shekaru muna gidan haya, ina ɗinki ina sarin atamfa daga Ƙonni ina zubin adashi, burina ɗaya, in ga ranar da zan kafa ƙusa a bango ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Wani dillali ya kai mu gidan wani dattijo da ke son sayarwa ya koma Kalmalo kusa da gonarsa, shi da matarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inna. Ɗaki uku ne da zaure da rijiya. Muka daidaita, na ba da kafin alƙalami a gaban mai unguwa da liman. Dattijon ya taɓa shan wahalar wani mai saye da ya yi ta ja masa rai, don haka ya kafa sharaɗi: Lahadin farko bayan Babbar Sallah za a cika kuɗi a karɓi gida, wanda ya saɓa ranar, ciniki ya tashi. Na amsa da sauri har da dariya, don ni a ganina ba ni ce zan saɓa ba. Ban tambayi abin da za a yi idan wani abu ya gifta ba. Na koma na shaida wa mai gidan da muke haya, shi kuma ya ji daɗi, ya sa ranar tarewar ɗansa a gidan.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah dattijon ya kwanta, kafin a kai shi Sakkwato rai ya yi halinsa. Na je gaisuwa, na sami Inna a ƙuryar ɗaki ta shiga takaba, carbi a hannu, idanu sun kumbura. Ba zan ɓoye ba, bakina yana yi mata ta'aziyya, zuciyata tana lissafin wata huɗu da kwana goma da addini ya ce ta zauna a ɗakin mijinta. Da na dawo gida har na ce wa maigidana takabarta ba a kaina take ba. Ya dube ni kawai, kuma har yau ina jin kunyar wannan kalmar.

Bayan addu'ar bakwai ƙanin marigayin, ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin nan da Ƙonni, wanda ya karɓi ragamar gado, ya aiko dillali da saƙo. Ya ce shi mutum ne mai cika alkawarin ɗan'uwansa, rana tana nan yadda aka sa. Idan na nace sai na karɓi gida, zai kawo mota ya kwashe Inna da kayanta, amma duk wanda ya tambaya zai gaya masa telar nan ce ta fitar da mai takaba. Idan kuma na nemi a ɗaga rana, to ni na saɓa sharaɗi, a mayar mini da kuɗina. Dillalin ya rage murya ya ƙara mini da cewa akwai wani mutumin ƙetare da ya taya gidan da sefa, kuma kowa ya san yadda sefa ta bar naira a baya. Nan na gane so yake in janye ya sayar wa wancan, ga shi abin da za a mayar mini a lokacin ko fili mai kyau ba zai saya ba.

Na shiga damuwa sosai. Mahaifiyata ta aiko daga Amarawa cewa in haƙura, gidan ba rabona ba ne, gara asara da a riƙa nuna jikokinta da baki a gari. Ƙawayena na adashi suka ce in karɓi abina, ai ba ni na kashe dattijon ba. Mai gidan haya kuma kullum sai ya aiko a auna tagogi saboda labulen amarya. Maigidana, Allah ya saka masa, shawararsa ita ce mu yi ta addu'a. Na ce masa addu'a muna yi, amma ranar Lahadi ba za ta tsaya jiranmu ba. Ko zare na kasa zurawa a allura a makon nan, na ɓata wa wata mata wuyan riga har sau biyu.

Ranar Juma'a na sa maigidana ya raka ni wurin liman. Na tambaye shi ko dole ne sai gida ya zama babu kowa a ciki kafin a ce an karɓe shi. Ya ce a'a, wannan haƙƙin mai saye ne, in ya ga dama ya yafe. Na sake tambaya ko akwai mai hana ni saukar da wanda nake so a gidana. Ya yi murmushi ya ce babu. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, na kuma aika wa ƙanin marigayi cewa ina nan zuwa ranar da aka sa. A hanya maigidana ya tambaye ni ina za mu sa kanmu, na ce masa ya fara saba wa bayansa da tabarma.

Lahadi da hantsi, gari ya cika da 'yan kasuwa, muka hallara a zauren. Mai unguwa da liman da dillali suna zaune, ni ina daga bakin ƙofar cikin gida. Ga akori-kura a waje an ajiye, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallona kamar na zo da wuƙa. Ƙanin marigayi bai zaci zan zo ba, sai da ya sake tambaya ko na yi tunani da kyau. Maigidana ya tura cikon kuɗin, aka ga shigarsu, aka sa hannu, aka miƙo takardun gida da makullai. Sai mutumin ya tashi fuska a ɗaure ya ce wa masu motar su shiga su fara da gadon tsohuwa. Na tare ƙofar.

"Kada wanda ya taɓa ko tsintsiya," na ce. "Gidanga nawa na yanzu, Inna kuwa baƙuwata ta. Ba ta hita sai ta gama takabarta."

Ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "To ke ina za ki zamna?"

"Wanga ba shi cikin ciniki, Alhaji."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula don kada a ga dariyarsa. Motar da aka kawo don kwashe Inna, ita na yi haya ta kwaso namu kayan.

Kada mai karatu ya ɗauka daɗi muka sha. Inna ta ci gaba da zama a babban ɗaki, ɗaya ɗakin cike da kayan gado da ba a raba ba, ni da yara huɗu muka cushe a ƙaramin. Maigidana ya tare a zaure saboda mai takaba, damina ta same shi a can, sauro ya yi ta kiwo a kansa, kullum da safe sai ya ce mini lafiya lau ya kwana. Kekuna suna ƙarƙashin rumfa, da hadari ya taso sai mu yi ta rufa su da leda. Na rasa masu kawo ɗinki da yawa. Akwai ranakun da na shiga bayan gida na yi kuka, na wanke fuska na fito na kai wa Inna kunu.

Ranar da ta fita takaba, 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta zuwa Kalmalo. Ta share ɗakin da hannunta, ta ƙi bari a taya ta, sannan ta kama hannuna ta shigar da ni ta ce, "Ɗiyata, ban san mi zan ce miki ba. Shigo ɗakinki." Sai na rungume ta.

Abin da nake so in gaya wa duk mai shirin sayen gida shi ne, idan ana sa rana, a tambaya a gaban shaidu me za a yi in ciwo ko mutuwa ta gifta, a rubuta, ko da za a ce kin cika baƙin baki. Kuma kada ki saki gidan haya sai makulli ya shigo hannunki. Ni rashin wannan tambayar ya kusa sa in zaɓa tsakanin gumina da mutuncina. Allah ya taimake ni na tsira da duka biyun, kuma ina alfahari da hakan ba tare da kunya ba. Yau idan na wuce a unguwa ba na sunkuyar da kai, kuma 'ya'yana suna shiga kowane gida a ba su ruwa.